Labarin Birnin Harar da Kurayensa

A gabashin ƙasar Habasha, tafiyar kamar mil 320 daga Addis Ababa, akwai wani tsohon birni na Musulmi bisa tudu, sunansa Harar. Wanda ya san biranen ƙasar Hausa, in an kai shi can ba zai yi baƙunta ƙwarai ba. Zai tarar da ganuwa da ƙofofi, da lunguna matsattsu, da masallaci kusan ko wace kusurwa, ya kuma ji sunayen sarakunan da suka yi zamani bi da bi. Abu guda ne zai ba shi mamaki. In dare ya raba, kuraye su kan shigo garin su yi ta yawo lungu lungu, su gifta mai dawowa daga hira, shi bai sheƙa ba, su ba su tasam masa ba. Kafin assalatu su koma daji. Haka a ke ciki shekara 500 ko fiye.

Labarin nan ya cancanci masu riƙon jama'a su ji shi, gama ba garin da ba shi da maƙwabci daga cikin namun daji, ko an so ko an ƙi. Wani gari kura ce, wani biri ne, wani dorina ce a bakin kogi, wani maciji ne a kango. Abin da tarihin Harar ya nuna shi ne, ciki ke kawo naman daji gari. Hukumar da ta san abin da ya ke ci, da hanyar da ya ke bi, ita ke iya riƙe shi. Wadda ba ta sani ba kuwa, ko maharba nawa ta tara, aikin baban giwa ta ke yi.

Ganuwa da ƙofofinta

Harar ta daɗe da kafuwa, amma sunanta bai cika duniya ba sai a 1520, sa'ad da Sultan Abubakar ɗan Muhammadu ya mai da ita babban birnin daular Adal. Daga cikinta ne Imam Ahmad ɗan Ibrahim, wanda a ke yi wa laƙabi da Bahago, ya ɗaura yaƙi da sarakunan Habasha. Ya yi musu mummunan kaye a 1529, ya ci galibin ƙasarsu, kana ya faɗi a fagen fama a 1543. Bayansa sarauta ta komo hannun Amir Nur ɗan Mujahid. Shi kuwa ya tarar yaƙi ya cinye mazaje, ga kabilar Oromo sun taso daga kudu da garkunansu suna matsowa. Sai ya sa aka kewaye birnin da ganuwa ta dutse da yumɓu. Ya rasu a 1567 cikin wata annoba da ta biyo bayan yunwa, amma ganuwarsa na nan tsaye har yau. Mutanen garin suna kiranta Jugol.

Kewayenta mil biyu ne da 'yan kai, tsayinta kamar ƙafa 13, filin da ta ƙunsa bai wuce eka 120 ba. Ganuwar Kano ta ninka ta sau da yawa, ga ta an bar gonaki da kududdufai da makiyaya a cikinta. Ta Harar gida ne jikin gida, sai lunguna, waɗansunsu mutum biyu ba su iya giftawa sai sun goga kafaɗa. Cikin wannan ɗan fili an ƙidaya masallatai 82 da wuraren ziyara 102. Ƙofofi biyar aka yi mata tun asali. Wani Baturen Ingila, Richard Burton, ya shiga garin a watan Janairu na 1855, ya kwana goma. Ya rubuta cewa da maraice a kan rufe ƙofofin a kai wa Sarki mabuɗai, ba mai fita sai gari ya waye. Ya kimanta mutanen garin kamar 8,000.

Amma akwai wata hanya wadda ba ta da mabuɗi. Da ya ke birnin bisa gangare ya ke, magina sun bar 'yan kafofi a gindin ganuwa don ruwan sama ya riƙa fita. Mahayi ba shi shiga ta ciki, mutum ma sai da rarrafe, amma kura in ta sunkuya sai ta wuce sumul. Sunan kafofin a bakin mutanen garin shi ne waraba nudul, watau kafar kura. Da an so toshe su, aikin yini guda ne, amma aka bar su. Gidan sarautar Ali ɗan Dawud ya riƙe garin tun daga 1647, har Misirawa suka karɓe shi a 1875. Suka tafi a 1885, Amir Abdullahi ya hau, sa'an nan Menelik ya ci shi da yaƙi a Calanko a watan Janairu na 1887. Italiyawa ma sun zauna daga 1936 zuwa 1941. Tuta ta yi ta sakewa a ƙofar fada, kura na bin kafarta.

Dalilin barin kafofin ba ɓoyayye ba ne. Harar babbar kasuwa ce, ayarin raƙuma da jakuna na zuwa mata daga Zaila da Barbara a bakin teku, suna ɗaukar gahawa da fatu da hauren giwa. Inda a ke ciniki nan a ke yanka, inda a ke yanka kuwa ba a rasa jini da ƙashi da tumbi. Ga kuma mushen dabbar da hanya ta gajiyar, ta zo ta mutu a zango. Ba amalanken da zai shiga lungunan nan ya kwashe. A gari matsattse irin wannan, mushe guda in ya kwana uku ya isa ya tashi unguwa. Kura ce ke kwashewa kafin asuba, ba a biyanta ko anini.

Halin kura

Kafin a ci gaba ya kamata a san wadda a ke magana a kanta. Kura iri biyu ce a ƙasashen nan. Akwai sayaki, mai zane-zane a jiki, wanda ya fi yawo shi kaɗai. Akwai kuma kura mai dabbare-dabbare, wadda a ke jin kukanta da dariyarta da dare. Ta biyun ita ce ta Harar. Garke garke su ke zama, wani garken har ya kai 80, ko wanne da ƙasarsa wadda ya ke tsarewa. Mace ce shugaba, ta kuwa fi namiji girma da faɗa, 'ya'yanta ke gadon matsayinta. Cikinta kamar kwana 110 ne, galibi ta haifi biyu a rami.

Abin da ya sa ta yi wa gari amfani shi ne haƙorinta da cikinta. Ta kan fasa ƙashin saniya ta haɗiye, cikinta ya narkar da shi, shi ya sa kashinta in ya bushe ya kan yi fari kamar alli. Tana iya cin kilo 14 na nama a zama guda. Mushen da cuta ta kashe, wanda mutum in ya ci zai kwanta, ita ta kan ci ta tashi lafiya lau.

A tatsuniya kura sakarai ce matsoraciya, Gizo na wasa da hankalinta. A daji ba haka ta ke ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya yi shekaru yana bin kuraye a dazuzzukan Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Ya tarar yawancin abin da su ke ci a can su suka kashe da kansu, har sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace musu. Ashe dabba ce mai sana'a biyu. In ta sami mushe ta ci, in ba ta samu ba ta yi farauta. To, garin da ke ba ta mushe ya sami ma'aikaciya, ran da ya hana ta kuwa ba tare da shiri ba, ya sami mafarauciya a bakin ƙofarsa.

Yunwa da alkawari

Mutanen Harar suna da labarin yadda zaman nan ya samo asali. Sun ce wata shekara aka yi yunwa mai tsanani, kuraye suka rasa abin ci, suka faɗa wa dabbobi, daga nan suka koma kan mutane. Waɗansu sun ce wani bawan Allah ne ya yi mafarki, aka nuna masa a dafa musu tuwo a ba su. Waɗansu sun ce waliyyan garin ne suka zauna da manyan kuraye aka ƙulla amana, gari ya ciyar, kura ta bar ɓarna. Ko ta wace ruwaya aka bi, ƙarshen ɗaya ne. Ko wace shekara cikin watan Muharram, lokacin Ashura, wanda Hausawa ke kira cika-ciki, a kan tuƙa tuwo a kwarara masa man shanu, a zuba cikin akusan dutse a wuraren ziyara, a janye a bar shi. Sa'an nan a dawo a duba. In kura ta ci fiye da rabi ta bar saura, su kan ce shekara za ta yi albarka. In ta ƙi taɓawa, ko ta lashe ƙaf, sai a taru a yi addu'a, a ce akwai wahala a gaba. Suna kuma cewa kura na ganin aljannu tana cinye su, tana share lunguna daga abin da ido ba shi gani. Wannan faɗarsu ce da al'adarsu, gaibu kuwa na Allah ne.

Amma ko wanda bai yarda da labarin waliyyai ba, ba zai musa abin da ke ƙarƙashinsa ba, gama tarihi ya ga irinsa. A 1887 ciwon bushiya ya shigo tare da shanun da sojan Italiya suka sauke a tashar Masawa. Cikin 'yan shekaru ya kashe kamar tara cikin goma na shanun Habasha, ya bazu cikin Afirka, bai tsaya ba sai da ya kai Barno da ƙasar Hausa ya tsiyata Fulani. Da shanun huɗa suka mutu noma ya tsaya, ga fari, ga fara, aka shiga yunwar 1888 zuwa 1892, wadda Habashawa ke kira Mugayen Kwanaki. An kimanta ta ci sulusin mutanen ƙasar. Waɗanda suka ga zamanin sun ba da labarin yadda kuraye suka fitsare, suna shiga ƙauyuka suna jan waɗanda yunwa ta kayar, waɗanda ba su da ƙarfin ko ɗaga sanda. Da fari mushen shanu ya ƙosar da su, da ya ƙare suka nemi abin da ya fi sauƙin kamu. Akushin tuwon Ashura ba zai ƙosar da garke ba, amma yana tuna wa gari shekara shekara cewa yunwar kura masifar mutane ce.

Masu ciyar da kura

Ciyarwar ko wane dare, wadda ta kai sunan Harar ko ina a duniya, ba tsohuwa ba ce kamar ta Ashura. Wajen shekarun 1950 zuwa 1960 ta soma. An ce wani manomi ne na bayan ganuwa, kuraye suka dame shi da ɗaukar dabbobi, ya ga gara ya ba su da hannunsa da su ɗauka da kansu. Sai ya riƙa karɓo ragowar mahauta yana jefa musu da magariba. Suka saba, suka bar masa garkensa. Abin ya zama sana'a, har ɗa na gadon uba. An daɗe wuri biyu ne a ke yin haka a bayan ganuwa, ko wanne da garken da ke zuwa masa. Mai ciyarwa ya kan zauna ƙasa da kwandon nama. Ya san ko wace kura, ya sa mata suna, ya kira ta ta matso ta karɓi tsoka a bakin ɗan tsinke, wani lokaci ma da baki ya ke riƙe da tsinken. Baƙi su kan zo kallo su biya, balle tun 2006 da hukumar UNESCO ta sa Jugol cikin wuraren tarihi na duniya.

Ƙasar Hausa ta san wasa da kura, amma na gardawa ne, da takunkumi da sarƙa da kulki, har aka yi karin magana aka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta Harar ba a ɗaure ta ke ba. Ta zo don kanta, ta tafi don kanta, ran da ba ta ga dama ba ko kira nawa aka yi ba ta zuwa. Wani masanin al'adu ɗan ƙasar Ostareliya, Marcus Baynes-Rock, ya zauna a garin daga 2009 yana bin su cikin lunguna dare dare, ya fitar da littafi a 2015. Ya tarar garkunan sun raba garin tsakaninsu, ko wanne da iyakarsa, in sun haɗu bisa iyaka su yi faɗa. Ya kuma tarar duk da sabon nan tsoron mutum bai fita ransu ba.

Ya kamata a bambanta kallo da aiki. Ɗan naman da a ke miƙawa a bakin tsinke ba zai riƙe garke ba. Cikinsu a juji da mahauta da bakin kasuwa ya ke cika, inda ba mai kallo ba mai tafi. Nan ne hidimar da su ke yi wa gari ta ke.

Abin da aka auna a Mekele

Abin da Harar ta sani bisa al'ada, a wani gari aka ɗora shi bisa ma'auni. Mekele birni ne a lardin Tigrai, arewacin Habasha. Yawancin mutanensa Kiristoci ne, kuraye kuwa na kewaye da shi suna cin jujinsa kamar yadda na Harar ke yi. Kiristocin Habasha suna da azumi na kwana 55 kafin Ista, ba su cin nama a cikinsa, mahauta su kan rufe rumfuna. Wani masani ɗan ƙasar, Gidey Yirga, da abokan aikinsa suka ce bari su ga abin da kura ke ci in juji ya bushe. Suka tattara kashin kuraye kafin azumi, da cikin azumi, da bayansa, suka duba gashin da ke ciki, gama kura na narkar da ƙashi amma gashi ya kan fito yadda ya shiga. Suka bayyana abin da suka samu a 2012. Kafin azumi rabon jaki cikin abincinsu kamar 15 ne cikin 100. Da aka shiga azumi ya hau 33. Da aka sha ruwa mahauta suka buɗe, ya sauko 22. Watau mutane na azumi, jakunansu da ke kwana waje na biyan fansa.

A 2021 waɗansu masana suka sake lissafi a garin nan. Suka ƙiyasta kurayen Mekele na cinye tan 207 na mushe da ragowar yanka ko wace shekara. Da an bar wannan ya ruɓe a fili, in ji su, da ciwon saifa da tarin fuka na shanu sun kama ƙarin mutum 5 da dabbobi 140 a shekara. Lissafin biyu in an haɗa su magana ɗaya su ke yi. Kura na ɗauke wa gari cuta muddin gari na ba ta abin da za ta ɗauke, ran da aka yanke mata shi farat ɗaya kuwa, sai ta koma kan dukiyar talaka.

Inda zaman ya ɓaci

Kada mai karatu ya zaci zaman nan ba shi da hatsari. Sabo da kura ba shi mai da ita tunkiya. A Kombolca, wani gari da ke kusa da Harar, an yi wani lokaci da kuraye suka yi ta kai wa yara hari, Baynes-Rock ma ya rubuta labarin. A ƙauyukan lardin har yanzu su kan ɗauki akuya da jaki, mai abu ya kwana da takaici.

Addis Ababa ta fi ko ina ganin wahalar. Birnin ya yi girma da sauri, ya haɗiye dazuzzukan da ke gefensa, kuraye suka maƙale a kwazazzabai da kangaye suna cin juji. An kimanta su tsakanin 300 da 1,000. Wanda ke da gida da ƙofa ba su cika damunsa ba. Waɗanda suka sha wuya su ne marasa galihu masu kwana a titi, gama kura ta san gidan mai babbar sanda, ta kuma san wanda ba shi da ko tsinke. A watan Disamba na 2013 hukuma ta sa maharba suka kashe guda 10 da suka yi rami kusa da tsakiyar gari. Harbin nan yana da muhallinsa. Kurar da ta ɗanɗani mutum, ko wadda haukan kare ya kama, ba a barinta ta kwana. Amma goma cikin ɗaruruwa ba ta rage komi, kuma muddin juji na nan, masu kwana a titi na nan, ramin da aka share yau wata ce za ta tare cikinsa gobe.

Bambancin garuruwan biyu ba a halin kura ya ke ba, gama iri ɗaya ce. A Jugol mutane na kwana cikin gida bayan bango, dabbobi a killace, hanyar kura sananniya ce, lokacinta sananne ne, yaro ma ya tashi ya san yadda a ke gifta ta. A Addis Ababa ba wanda ya tsara zaman, sai aka wayi gari an haɗu.

Ita Harar ma zamani bai bar ta ba. Wani abu da ya tsare tsohon zamanta shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Jibuti, wadda ta kauce wa tudunta ta bi ta ƙasa, aka kafa Dire Dawa a 1902. Ciniki ya koma can, Harar ta girma sannu sannu. Amma a ƙidayar 2007 mutanenta sun kai kamar 99,000, galibinsu a bayan ganuwa. Gidaje da tituna sun ci filayen da kuraye ke bi daga ramukansu zuwa kafofin ganuwa. Abin da yaƙi da sauyin sarauta ba su yi ba, siminti na iya yi a hankali, ba da niyyar kowa ba.

Abin lura ga masu riƙon gari

Ƙasar Hausa ta taɓa samun ma'aikaci irin wannan, amma mai fiffike. Dattawa sun san lokacin da ba mahautar da za a je a Kano ko Katsina ko Zariya ba a tarar da ungulu jere bisa katanga ba, suna jiran a watsar. A zamanin En'e akwai Sarkin Fawa, akwai duba-gari mai leƙa randa da masai, ko wanne da aikinsa, amma ba a taɓa sa ungulu cikin takardar albashi ba, ko da ya ke ita ke ƙarasa abin da suka bari. Yanzu ta yi wuyar gani. Guba da a ke sa wa mushe, da masu kama ta suna sayar wa 'yan tsubbu, sun ƙarar da ita, har a 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Ƙasar Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Can wani maganin shanu mai suna diclofenac ne ya kashe ungulayensu, gama in sun ci mushen saniyar da aka yi wa shi sai ƙodarsu ta lalace. Daga shekarun 1990 fiye da 95 cikin 100 suka mutu, kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwa, karnukan titi suka yawaita. Waɗansu masana sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar kamar mutum 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ba a ce ko wane gari ya huda ganuwarsa ya kira kura ba. Harar tana da tarihinta, ko wane gari da nasa. Abin ɗauka shi ne tsarin tunanin. In aka kawo ƙara gaban hakimi ko dagaci cewa naman daji ya dami unguwa, kafin a aika wa Sarkin Baka ya kamata a tambaya me dabbar ta zo ci, gama ungulu ba ta jewar banza. In juji ne ko ragowar mahauta, a san yadda za a yi da su, kuma in za a kawar da su a fara killace dabbobin talakawa tukuna, kada a maimaita abin da ya sami jakunan Mekele. A tambaya ta ina ta ke shigowa, a kuma duba kafin a yanka filaye a ba masu gini, ko an toshe mata hanyar komawa daji ne. A tambaya wa ke kwana a fili, almajiri ko mahaukaci ko baƙon da ya rasa masauki, gama shi ne farkon wanda za a ci. A hana sa guba, domin guba ba ta zaɓe, ta kan kashe mai ɓarna da mai gyara tare, wani lokaci har ta komo rijiya. In duk an yi wannan, aka ga dabba guda ta fitsare, sa'an nan maharbi ya yi aikinsa bisa izinin hukuma.

Amir Nur ya gina ganuwarsa don tsoron mayaƙa, mayaƙan sun zo sun wuce. Abin da ya wanzu shi ne 'yar kafar da aka bari a gindinta, da hankalin mutanen da suka gane maƙwabciyarsu ba ta tashi, suka san cinta, suka san hanyarta, suka kuma rufe ƙofofinsu da dare. Iyakar labarin Harar da kurayenta ke nan. Haza wasalam.